Wuni guda a bakin tafkin Garda cikin Duetto, tsohuwar motar Italiya mai buɗaɗɗen kai

Mu ƴan rediyo da kunne muke cin abinci, saboda haka mai karatu zai yi mani uzuri idan na fara da murya. Ƙarfe bakwai na safe ne, a wani ɗan gareji da ke bayan garin Brescia, a arewacin ƙasar Italiya. Dattijon mai motar ya zauna, ya jawo cok, ya taka totur sau biyu, sannan ya murɗa makulli. Injin ya yi tari sau ɗaya, ya yi kamar zai mutu, sai kuma ya kama. Da farko muryar a shaƙe take, irin ta mutumin da aka tayar daga barci bai shirya ba. Bayan minti biyu ko ukku ta fara washewa, ta daidaita, ta koma wani irin gurnani mai kauri wanda kana iya rarrabe sautuka biyu a cikinsa: na iskar da injin ke zuƙa daga gaba, da na hayaƙin da ke fita daga baya. Ban san lokacin da na sa hannu aljihu na fiddo na'urata ta ɗaukar magana ba.

Aiki ne ya kai ni garin, horo na mako biyu, kuma dattijon surukin wani abokin aiki ne ɗan ƙasar. Ya haura shekara 80, ya yi rayuwarsa a masana'antar ƙarfe, kamar yawancin tsofaffin Brescia. Muna magana da ɗan faransancin da ya rage masa tun na makaranta, ni ina ce masa Monsieur, shi yana ce mani ragazzo, wato yaro, ni da nake da ƴaƴa biyu a gida. Motar tasa Alfa Romeo ce, ƙirar 1967, ja wur, mai kujera biyu, rufinta na tamfol ne wanda ake naɗewa baya. Ya saye ta a hannun wani tun yana saurayi, kuma yanzu gwiwarsa ta hagu ta daina yarda ya taka kuloc. Shekara biyu ke nan yana tayar da ita kowace Lahadi, ya saurare ta, ya kashe. Da ya ji ina da farmi na ƙasa da ƙasa, kuma a kan tsohuwar Pijo mai giyar hannu na koyi tuƙi, sai ya ce to ranar Asabar ni ne ƙafarsa.

Na amsa da baki, amma cikina ya ɗuri ruwa. Idan na goga motar nan a jikin dutse, albashina na shekaru ba zai gyara ta ba.

Sunan da aka hana ta ɗauka

Italiyawa suna kiran mota mai kujera biyu da buɗaɗɗen kai spider. Kalmar ta Ingilishi ce, ma'anarta gizo-gizo, kuma an aro ta ne daga wani ƙaramin keken doki na da mai dogayen ƙafafu sirara. Wannan da muke magana a kanta an fara nuna ta a bajekolin motoci na birnin Jeneba a watan Maris na 1966. Kamfanin Alfa Romeo na Milan ne ya yi inji da ƙasan motar, gidan zane na Pininfarina da ke kusa da Turin ya zana jikin kuma ya ƙera shi. Ita ce mota ta ƙarshe da mai gidan, Battista Farina, wanda ake wa laƙabi da Pinin, ya sa wa ido, domin ya rasu a watan Afrilu na wannan shekara, makonni kaɗan bayan an nuna ta.

Motar ta fito ba ta da suna. Sai kamfanin ya buɗe gasa, ya ce kowa ya aiko da sunan da yake gani ya dace, wanda ya ci a ba shi mota guda. Takardu sama da 100,000 suka zo. Sunan da ya ci shi ne Duetto, wato waƙar da murya biyu ke yi tare, kuma wanda ya kawo shi mutumin Brescia ne, abin da dattijona ya faɗa mani sau ukku kafin mu bar gari. Daga baya aka tarar wani kamfanin biskit ya riga ya yi rajistar sunan, saboda haka a takarda motar ta zauna Spider 1600. Jama'a dai ba su kula da takarda ba, har yau Duetto suke ce mata. Akwai kuma laƙabi na biyu, osso di seppia, wato ƙashin wata dabbar teku, saboda gabanta da bayanta duka sun zo a tsuke kuma a mulmule kamar sabulun da aka daɗe ana wanka da shi. An ce da ta fito ba kowa ya so siffar ba. Abin da ya fid da ita duniya wani fim ne na Amurka na 1967, The Graduate, wanda masu kallon faransanci suka sani da Le Lauréat, inda Dustin Hoffman ke yawo da irinta ja. An ci gaba da ƙera ta, ana gyara fuska ana ƙara girman inji, har 1993. A ƙarshen 1969 aka datse mata wutsiyar nan mai mulmule, shi ya sa masu sonta suka fi daraja na farkon.

A gefen motar, bayan ƙofa, akwai wani ɗan tambari mai harafin f da kambi a kai. Na tsaya ina kallonsa, dattijon ya ce ai na san aikin gidan nan tun ina yaro, ban dai san sunansa ba. Gaskiya ya faɗa. Pininfarina ne ya zana wa kamfanin Peugeot ƙirar 404 da ta fito a 1960, da 504 da ta fito a 1968, ita wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna tun daga 1975, ta cika tashoshinmu daga Maraɗi zuwa Damagaram. Har ma mai zanen da ake danganta 504 da shi, Aldo Brovarone, yana cikin waɗanda suka yi aikin Duetto. Ashe motar da ta sha kai mu ƙauye an cusa mu tara a ciki, da buhun hatsi a kan cinya, ƴar uwa ce ga wannan ƴar gata.

Daga Salò zuwa ramukan dutse

Ka'idar farko da ya gindaya mani ita ce kada in matsa wa injin sai allurar zafi ta tashi. Injin na alminiyum ne, yana ɗaukar mai da yawa, kuma mai yana jinkirin ɗumi. Saboda haka kilomita goman farko a hankali muka yi su, kamar masu rakiyar amarya.

Wannan ya ba ni lokacin sabawa da zaman. Kujerar tana ƙasa ƙwarai, har kana iya miƙa hannu ta kan ƙofa ka kusa taɓa kwalta. Sitiyarin siriri ne mai faɗi, kuma an ajiye shi nesa, fedojin kuwa kusa, sai ka tuƙa hannu a miƙe, gwiwa a lanƙwashe. Turawan Ingila sun daɗe suna yi wa Italiyawa ba'a a kan wannan zama, wai motocinsu na masu dogon hannu da gajeriyar ƙafa ne. Fedojin daga ƙasa suke fitowa, ba a rataye suke ba kamar na motocin yanzu. Sandar giya kuwa, ko bitas kamar yadda makanikanmu ke cewa, ba a tsaye take ba, ta fito daga ƙarƙashin allon gaba a kishingiɗe, tazararta da sitiyari bai fi taƙi guda ba. Allon gaban ƙarfe ne zalla, an shafe shi da jan fentin jikin motar. Manyan agogo biyu a gabanka, na gudu da na juyin inji, sai ƙanana ukku a tsakiya an karkato su wajen direba. Shi ke nan. Babu na'urar sanyi, babu allo mai haske, babu abin da zai yi maka ƙara idan ka kusa bango.

Rufin ma abin kallo ne. Dattijon ya ɓalle ƙugiya biyu a saman gilashin gaba, ya tura da hannu guda daga inda yake zaune, tamfol ɗin ya kwanta baya. Bai kai yadda za ka naɗe tabarma ba.

Daga Brescia zuwa Salò kimanin kilomita 30 ne, kuma a nan ne hanya ke gangarowa ka ga ruwa. Garda shi ne tafki mafi girma a Italiya, tsawonsa ya ɗan haura kilomita 50, kudancinsa a buɗe, arewacinsa a matse tsakanin duwatsu. Mun bi gaɓar yamma, ta Gardone Riviera, ta Toscolano Maderno, zuwa Gargnano. A cikin garuruwan doka ta ce kada ka wuce 50, a waje 90, kuma in faɗa maka gaskiya, mai karatu, duk wunin nan da ƙyar na haura 80. Wanda yake neman labarin tsere ya nemi wani shafi.

Amma 60 a cikin motar nan ba 60 ɗin da ka sani ba ce. A motar zamani kana zaune ne a ɗaki, duniya tana wucewa a bayan gilashi kamar a talabijin. A nan kuwa duk abin da ke kan hanya yana iso ka. Ka shiga inuwar itatuwa sanyi ya taɓa wuyanka, ka fito rana ta dafa ka. Ka wuce gidan burodi ka ji ƙanshi, ka wuce lambun zaitun ka ji na ciyawar da aka yanke, ka bi bayan bas ka sha hayaƙin gazuwal har ka ƙoshi. A Gargnano akwai tsofaffin rumfunan lemo, dogayen ginshiƙan dutse jere a jikin tudu waɗanda ake rufewa da katako da gilashi lokacin sanyi, kuma na ɗaga kai na gan su har sama ba tare da na leƙa ta taga ba. Da safe iska tana busowa daga arewa, mutanen wurin suna ce mata Pelèr, ita ta riƙa shigowa ta gefen gilashi tana kaɗa mani kwalar riga. Na tuna gida na yi dariya ni kaɗai: irin wannan mota a Tawa cikin watan Afrilu, ko a hanyar Tanut lokacin hunturu da ƙura, ai horo ce. Ƙasar da aka yi ta dominta ita ce wannan.

Daga Gargnano zuwa Riva del Garda duwatsun suna faɗowa kai tsaye cikin ruwa, babu gaɓar da za a shimfiɗa hanya. A tsakanin 1929 da 1931 aka fasa dutsen aka yi ta, kilomita kusan 28, ramuka gommai, wasu gajeru wasu dogaye, wasu an huda musu tagogi ta gefen tafki. A nan na gane abin da ya sa dattijon ya zaɓi wannan hanya. Da muka doshi bakin ramin farko sai ya ɗaga yatsu ukku. Na sauko giya ta ukku, na taka.

Bari in ɗan yi bayanin abin da ke ƙarƙashin bonet, domin daga nan muryar take fitowa. Silinda huɗu ne, girmansu duka santimita kubik 1570. A saman injin akwai sanduna biyu masu juyawa, ɗaya tana buɗe ƙofofin shigar iska da esansi, ɗaya tana buɗe na fitar hayaƙi. A zamanin da aka fito da wannan tsari a ƙaramar motar Giulietta, a 1954, ƙarƙashin injiniya Giuseppe Busso, yawanci a motocin tsere da na attajirai ake ganinsa, sai ga Alfa ta sa shi a motar da ma'aikaci mai ɗan hali zai iya saye. An yi shekara 40 ana ƙera dangin injin nan. A gefensa kafireta biyu ne na Weber, kowace da maƙogwaro biyu, ke nan kowace silinda tana da maƙogwaronta, ba ta jiran wata ta gama shaƙa. Ƙarfinsa doki 109, motar kuwa ba ta cika tan guda ba. Giya biyar, birkin faifai a ƙafa huɗu, abin da a 1966 ba kowace mota ke da shi ba.

To idan allura ta haura juyi 3,500 a minti, gurnanin ya koma wata tsawa mai kaifi, kuma a cikin rami dutse yana dawo maka da ita ta sama da ta gefe, ba rufin da zai tare. Na yi shekara goma sha ina zaune a ɗakin watsa shiri da abin saurare a kunne, na san bambancin murya mai rai da wadda aka matse ta cikin na'ura. Wannan mai rai ce. Tana da ɗan kaushi, tana da numfashi, idan ka ɗaga ƙafa tana yin wani ɗan tofi-tofi daga baya kamar mai gunaguni. Duhu, tsawa, sai taga ta wuce ka ga shuɗin ruwa kamar walƙiya, sai duhu kuma, sai ka fito rana idonka na hawaye. Na dubi dattijon, idonsa a rufe, hannunsa a kan gwiwa yana motsa yatsu kamar shi ke canza giyar.

Inda ta kama ni da laifi

Mun juyo daga Riva muka dawo Gargnano, daga nan ya nuna mani wata ƴar hanya da ke hawa dutse zuwa Valvestino, inda aka datse kwari aka yi madatsar ruwa. Hanyar siririya ce, kwana a kan kwana, wani wurin mota biyu ba sa wucewa sai ɗaya ta raɓe. A nan ne aikin yake.

Sitiyarin ba shi da na'urar da ke taimaka wa hannu. Idan motar tana tsaye, juya shi kamar jan guga ne daga rijiya mai zurfi. Da ta fara tafiya sai ya yi sauƙi, kuma ya fara ba ka labari. Ƙafar gaba ta taka tsakuwa, ka ji a tafin hannu. Kwalta ta canza daga sabuwa zuwa tsohuwa, ka ji. Ka shiga kwana da gudun da ya ɗan yi yawa, sitiyarin ya yi sako-sako a hannunka tun kafin motar ta fara zamewa, yana gaya maka ka sassauta. Ta baya kuma kujera ce ke ba ka labari, domin kana zaune kusan a kan ƙafafun baya, kuma su ke tura motar. Idan ta hau gargada jikin duka yana ɗan girgiza, gilashin gaba ya yi rawa, saboda motar da ba ta da rufin ƙarfe kamar kwando ce da aka cire wa murfi. Wannan aibi ne, ba na ɓoye shi. Amma bayan awa guda ka daina jin sa a matsayin aibi, ya koma cikin abubuwan da kake karantawa.

A kwana ta biyar ko ta shidda na yi garaje. Na zo da giya ta ukku, na ga kwanar ta fi yadda na zata tsanani, na taka kuloc na fizgo sandar zuwa ta biyu da ƙarfi. Ƙarar da ta fito, Allah ya sani, kamar an jefa cokali cikin injin niƙa. Na ji kunya har cikin ƙashina. Dattijon bai ce uffan ba sai da muka sami wurin tsayawa, sannan ya nuna mani da hannu da ƙafa a iska: ka taka kuloc, ka fid da giya zuwa tsakiya, ka saki, ka ɗan taɓa totur injin ya ɗaga murya, ka sake takawa, sannan ka sa ta biyu da yatsu biyu, kada ka tura, ka bari ta ja da kanta. Tsofaffin direbobin manyan motoci a ƙasarmu sun san wannan taku biyu, ni ne ɗan zamani ban koya ba. Na gwada sau goma ina ɓatawa. A na goma sha ɗaya sandar ta shige kamar wuƙa a cikin kube, motar ba ta ko girgiza ba, muryar injin ta hau daidai inda ya kamata, muka fita daga kwanar kamar an harba mu da gwafa. Na yi ihu. Mutum mai iyali, a ƙasar mutane, na yi ihu kamar yaron da ya fara hawa keke.

A ganina daɗin duka a nan yake. Ƙaramar motar haya ta yau, wadda ba wanda zai waiwaya ya kalla, za ta bar Duetto a baya a hanyar nan, ta fi ta birki, ta fi ta shan esansi kaɗan, kuma idan ka yi kuskure kwamfutar cikinta za ta gyara ba ka ma sani ba. Ita wannan ba ta rufa maka asiri. Ka yi daidai ta nuna, ka ɓata ta tona ka a gaban fasinja. Kuma tunda hannu biyu da ƙafa biyu da kunne duka suna aiki, babu sauran wuri a kanka na tunanin bashi ko na shirin gobe. Awa biyu na yi a dutsen nan ban tuna da wayata ba, abin da rabona da shi tun da na fara aiki.

A bakin madatsar muka ci burodi da cuku, ya ba ni labarin zamanin da ya saye ta. Italiya ta fito daga yaƙin duniya na biyu a rushe, sai cikin shekaru goma sha biyar masana'antu suka tashi. Fiat 500 ta fito a 1957 ta ɗora talaka a kan ƙafa huɗu, babbar hanyar Autostrada del Sole da ta haɗa Milan da Napoli ta kammala a 1964. Mota mai buɗaɗɗen kai ita ce mafarkin saurayin wancan lokaci. Fiat ma ta fito da tata a 1966, 124 Sport Spider, ita ma zanen Pininfarina, wadda aka ƙera har 1985, akasarinta Amurka aka kai. Can sama kuma akwai Ferrari, wadda talaka sai dai kallo: wata 250 GT California ta 1961 da ta taɓa zama a hannun Alain Delon, aka tsince ta a wata rumfa a Faransa ƙarƙashin tarin tsofaffin mujallu, an yi gwanjonta a Paris a 2015 kan Euro miliyon 16 da ɗoriya, wato sama da miliyar 10 na kuɗin sefa. Dattijon ya ce wanda ya sayi irin wannan ba zai kawo ta hanyar Valvestino ba, tsoro zai hana shi, saboda haka shi ya fi shi morewa.

Ba zan yi wa mai karatu adalci ba idan na tsaya a daɗi. Motar nan ba ta da jakar iska, ba ta da ƙarfen da zai kare kai idan ta kife, bel ɗin ma daga baya ya sa. Italiyawa da kansu sun san farashin wannan sha'awa. Garin Brescia shi ne mafarin tseren Mille Miglia, mil dubu, kimanin kilomita 1,600 zuwa Roma da dawowa a kan hanyar jama'a, wanda aka fara a 1927, Alfa Romeo ta ci shi sau 11. A 1957, a kusa da ƙauyen Guidizzolo, tayar Ferrari ta Alfonso de Portago ta fashe, ya mutu shi da abokin tafiyarsa da ƴan kallo tara, biyar daga cikinsu yara. Daga nan aka hana tseren. An farfaɗo da sunan a 1977, amma yanzu jerin gwano ne na tsofaffin motoci, ana auna kiyaye lokaci maimakon gudu, kuma ƙirar da ta wuce 1957 ba ta shiga, saboda haka Duetto ƴar kallo ce. Fim ɗin da Italiyawa suka fi tunawa a kan irin waɗannan motoci, Il Sorpasso na Dino Risi, 1962, inda Vittorio Gassman da Jean-Louis Trintignant ke yawo cikin Lancia Aurelia mai buɗaɗɗen kai, da dariya ya fara, a ƙasan dutse a bakin teku ya ƙare. Lokacin da muke gangarowa daga Valvestino, kwarin yana hannun dama, wani wurin babu ko shinge, na tuna da shi, na riƙe giya ta biyu har ƙasa.

Sai kuma wahalar riƙo. Babban abokin gabar motocin Italiya na wancan zamani tsatsa ce, tana cin su daga ƙasa, ta ƙarƙashin ƙofofi da daɓen ƙafa, inda ido ba ya gani. Tasa ta tsira ne saboda ba ta taɓa kwana waje ba, kuma ba ya fid da ita idan an zuba gishiri a hanya lokacin ƙanƙara. Kafireta biyun sai an daidaita su da juna, kuma makanikan da ke yin wannan da kunne suna ta ƙarewa, yaran yanzu sun saba su jona kwamfuta ta gaya musu ciwon. Esansi mai dalma da aka yi injin dominsa an daina sayar da shi a Italiya tun ƙarshen 2001. Manyan birane kamar Milan sun kafa yankunan da tsofaffin motoci ba sa shiga sai da izini na musamman. Ta wani gefen hukuma tana sassauta musu: motar da ta haura shekara 30 ba ta biyan harajin mallaka irin na sauran, kuma akwai ƙungiyar ASI, wadda aka kafa a 1966, mai ba da takardar shaidar cewa mota ta tarihi ce. Dokar da Tarayyar Turai ta amince da ita a 2023, ta daina sayar da sababbin motoci masu fid da hayaƙi daga 2035, wadda Italiya ke cikin masu neman a sassauta ta, ba ta shafi tsofaffi ba. Amma kowa ya san inda iska ta dosa, kuma ƴaƴan dattijon biyu, ɗaya a Milan ɗaya a Jamus, babu wanda ke da gareji, babu kuma wanda ya iya giyar hannu sosai.

Da la'asar iska ta juya, ta kudu ta taso, wadda suke ce wa Ora, tafkin ya cika da ƙananan jiragen filafilai. Mun biyo ta Salò a cikin cunkoson masu dawowa daga hutu, ƙafata ta hagu tana rawa saboda kuloc, goshina ya ƙone, rigata tana warin esansi. A wata danja wani yaro a bayan babur ɗin babansa ya ɗaga mana babban yatsa, wata tsohuwa kuma ta tsaya a gefen hanya ta bi mu da kallo har muka ɓace.

A gareji na kashe injin, na miƙa masa makulli. Bai tashi ba. Ya ce in saurara. Ƙarfen yana hucewa yana yin ƙas, ƙas, ƙas, a hankali, tazarar tana ƙaruwa. Sai da ya yi shiru sannan ya gaya mani cewa wani mutum daga Munich zai zo ganin motar a ƙarshen wata, sun riga sun yi magana a kan kuɗi. Ya tambaye ni ko abin da na ɗauka da safe ya fito da kyau. Na ce akwai na safe, akwai kuma na cikin rami, minti huɗu da ƴan daƙiƙu, iska ta ɗan ɓata farkonsa. Ya ce in tura wa surukinsa ya sa masa a waya, kuma kada in yanke wurin da na ɓata giya ta biyu.